Buɗe kamfani ya yi araha, riƙonsa fa?

Wanda ya bi titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru, yana duban allunan shagunan kwamfuta da ke fuskantar babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, zai ga rajistar kamfani ta shiga sahun buga kundin digiri da ɗaurin littafi da cike fom ɗin JAMB. Haka abin yake a PZ da layukan da suka kewaye kasuwar Sabon Gari. Ka kawo lambar NIN da hoto da sa hannu da sunan da kake so, ka biya, bayan 'yan kwanaki satifiket ya faɗo wayarka. A buga shi, a sa masa gilashi, a rataye a bangon shago. Daga ranar mutum ya zama darakta.

Ina murna da wannan sauƙi. A da sai an nemi lauya, an tara takardu, an hau mota zuwa Kaduna ko Abuja, an yi ta jira. Abin da ya dame ni shi ne, ana gaya wa mutanenmu kuɗin shiga, ba a gaya musu kuɗin zama. Cikakken kamfani, wato wanda sunansa ke ƙarewa da Limited ko Ltd, yana cin kuɗi da lokaci kowace shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Da yawa daga cikin masu rataye da satifiket a Samaru da Sabon Gari ba su san haka ba, sai ranar da suka je neman wata takarda aka lissafa musu tarar shekaru.

Tsarin kansa ba shi da laifi, kuma ya kamata a san abin da aka ƙirƙire shi dominsa. A Landan an yi wani baduku mai ɗinkin takalma, Aron Salomon, wanda a 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani, ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗai-ɗai, ya riƙe sauran. Kasuwa ta juya, kamfanin ya durƙushe, masu bin bashi suka ce ai kamfanin da Salomon duk abu ɗaya ne, ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, a hukuncin da lauyoyi ke kira na 1897, ta ce a'a: kamfanin da aka yi wa rajista bisa ƙa'ida mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dukiyarsa tasa ce, bashinsa nasa ne. Mai hannun jari ba ya asarar abin da ya wuce jarin da ya ɗauki alkawarin zubawa. A kan wannan hukunci dokarmu ta ginu, tun daga dokar kamfanoni ta 1912 da aka yi wa Ikko, zuwa ta 1968, zuwa ta 1990 wadda ta haifar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, har zuwa ta yanzu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020.

Mutanen Zazzau sun daɗe da ganin wannan tsari yana aiki a gabansu. Bayan layin dogo ya iso aka yanka Sabon Gari, Turawan auduga suka kafa injin gurza, kamfanonin ciniki suka jera kantuna kusa da tasha, daga baya kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a 1959. Unguwar PZ da bankuna suka cika a yau ta samo sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis, wanda wasu mutum biyu suka fara a Saliyo tun ƙarni na goma sha tara. Su biyun sun daɗe a ƙasa, kamfanin kuwa har gobe yana sayar da sabulu a ƙasar nan. To, a auna wannan da abin da muka saba gani. Alhaji ya shekara talatin yana gina harkar yadi ko ta kayan gini, ya yi suna, dillalai daga Giwa da Funtuwa suna zuwa wurinsa. Allah ya yi masa rasuwa, aka zo rabon gado: wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki shago, aka karyar da kayan sito aka raba kuɗi. Kowa ya sami haƙƙinsa, amma harkar da ke ciyar da gida da yaran shago ta mutu tare da mai ita. Da harkar kamfani ce, hannun jarin za a raba bisa farali, matan aure su karɓi tumuninsu, 'ya'ya maza da mata kowa da kasonsa, shago kuma ya ci gaba da buɗewa da safe. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma sunan Alhassan Dantata & Sons bai bi shi kabari ba. A ganina wannan ne babban amfanin kamfani ga al'umma irin tamu, ya ma fi kariyar da yake bayarwa daga bashi.

Sai dai ba don wannan yawancin mutane ke zuwa shagon kwamfuta ba. Samaru da kewayenta gari ne na hukumomin tarayya: jami'a, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR wadda tushenta ya koma 1922, da NAERLS, da NAPRI a Shika, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, da cibiyoyin Basawa. Duk inda hukuma take akwai kwangila, ko ta kawo takardu da tawada ce, ko ta gyaran rufin aji. Saurayi ya gama bautar ƙasa, wani babba ya ce masa, "Je ka buɗe kamfani, in an samu ɗan aiki sai a sa sunanka." Malamin jami'a ya ji ana raba tallafin bincike ko na sana'a, fom ɗin ya nemi lambar rajista. A 2024 aka ce duk mai sana'ar POS sai ya yi rajista da CAC, aka sa wa'adin 7 ga Yuli, daga baya aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba. Rajistar sunan kasuwanci ta wadatar da mai POS, amma in ejan ya ce masa, "Yallaɓai, gara ka yi babbar gaba ɗaya, ta fi kwarjini," kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, me zai hana shi? Ejan ya fi samu a babbar, kuma ba shi ne zai zauna da ita ba.

Gwamnati ma ta taimaka wajen karkatar da hankali ga ƙofar shiga. Bankin Duniya ya yi shekaru da dama yana fitar da jerin ƙasashe bisa sauƙin kasuwanci, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne kwana nawa da mataki nawa ake bi kafin a buɗe kamfani. A 2016 aka kafa majalisar PEBEC don sauƙaƙa kasuwanci ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, Najeriya ta tashi daga ta 169 zuwa ta 131 a rahoton 2020, kafin bankin ya daina fitar da rahoton a 2021. A 2018 an rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci, a 2020 kuma aka yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 alkawarin rajista kyauta. Dokar 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajabcin naɗa sakatare da mai binciken kuɗi da yin babban taron shekara, ta mayar da hatimin kamfani ganin dama. Duk gyara ne mai kyau. Amma abin da ake shela da shi a taron manema labarai shi ne kamfani nawa aka yi wa rajista. Nawa ne suka kai shekara biyar da takardunsu cikakku, wannan ba ya shiga jawabi.

Shi kansa kuɗin shigar ba shi da yawa. Kafin hukumar ta sake jadawalin kuɗaɗenta a 2025, ajiye suna naira 500 ne, rajistar kamfanin da jarinsa bai wuce miliyan ɗaya ba naira 10,000, sai harajin kan sarki na kashi 0.75 cikin ɗari na jarin da aka rubuta, wato 7,500 a kan miliyan ɗaya. Abin da ya hau kan wannan ladan ejan ne, kuma sau da yawa shi ya fi yawa. A nan ne ake fara yin kuskuren da ya kamata a tsaya a kansa. Doka ta ce mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Amma sai ka ji mutum ya ce, "A rubuta mini miliyan goma, kada a raina ni." An gaya masa ai ba a neman ya nuna kuɗin, kuma gaskiya ne ba a ajiye su a CAC. Abin da ba a gaya masa ba abu biyu ne. Harajin kan sarkinsa ya tashi daga 7,500 ya koma 75,000, kuɗin rajista ma ya hau. Na biyun ya fi nauyi: a ƙarƙashin dokar 2020 duk jarin da aka rubuta sai an raba shi ga masu hannun jari, kuma abin da mutum ya karɓa bai biya ba bashi ne a wuyansa. Ranar da kamfanin ya faɗi, masu bin bashi na da damar a nemi ya cika wannan miliyan goman. Iyakar alhakin da yake taƙama da ita, shi da kansa ya faɗaɗa ta don neman kwarjini. Akwai harkokin da hukumominsu suka gindaya babban jari, wannan dole ne; mai sayar da maganin feshi a Samaru ba ya cikinsu.

Duk Bazazzagen da ya taɓa riƙe doki don hawan salla ya san ranar sayen ita ce mai sauƙi. Harawa da dusa da kanwa da ɗan barga su ne dokin, kuma ba ya daina ci don salla ta wuce. Kamfani ma cinsa na shekara-shekara ne, kuma baki biyu gare shi.

Baki na farko na CAC ne. Bayan sassaucin kimanin wata goma sha takwas da ake yi wa sabon kamfani, dole kowace shekara a kai rahoton da ke nuna su wane ne daraktoci, su wa ke da hannun jari, ina ofis yake, yaya lissafin kuɗi ya kasance. Kuɗin rahoton ba shi da yawa. Tarar rashin kai shi ce ke taruwa, shekara bisa shekara, sannan a shafin binciken hukumar, wanda kowa zai iya buɗewa da wayarsa, a rubuta cewa kamfanin ba ya aiki. Banki na dubawa, masu ba da tallafi na dubawa, ofishin jakadanci na dubawa. Ka ji mutum yana cewa, "To ni ban yi cinikin sisi ba, me zan kai musu?" Amsar ita ce wannan rashin cinikin shi za ka kai, a rubuce, a kan lokaci. Haka in ka sake ofis daga Hayin Dogo zuwa Palladan, ko ka cire ƙaninka daga darakta ka sa matarka, ko wani ya shigo da jari: kowane sauyi na da fom ɗinsa da kuɗinsa da wa'adinsa. Duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin ɗari ko fiye sai an bayyana sunansa. A Yulin 2023 shugaban hukumar na lokacin, Garba Abubakar, ya sanar da shirin soke kamfanoni kimanin 100,000 da suka shekara goma ba su kai rahoto ba, kuma wanda ya gaje shi, Hussaini Ishaq Magaji, ya ci gaba da wannan shara. Dubu ɗari ba 'yan damfara ba ne duka. Akasarinsu, a zatona, mutane ne da aka yi wa alkawarin kwangilar da ba ta zo ba.

Baki na biyu ya fi faɗi, shi ne na haraji. Yanzu satifiket na fitowa ne ɗauke da lambar haraji, wato tun ranar haihuwar kamfani hukumar tara haraji ta san da shi. Dokar Kuɗi ta 2019 ta yi wa ƙananan kamfanoni gata: wanda cinikinsa na shekara bai wuce miliyan 25 ba, ba ya biyan harajin riba. Mutane suka ji rabin maganar suka tafi da ita. An yafe biya, ba a yafe kai bayani ba. Kamfani ko bai sayar da allura ba, sai ya miƙa lissafinsa cikin wata shida bayan ƙarshen shekarar kuɗinsa. A tsohuwar doka tarar jinkiri naira 25,000 ce a watan farko, 5,000 a kowane wata bayansa, wato 80,000 in an shekara. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aikinsu, sun ɗaga iyakar cinikin da ake yafe wa haraji, abin a yaba. Amma sun mayar da tarar rashin kai bayani naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. A lissafa: 650,000 a shekara ɗaya, a kan kamfanin da wataƙila duk abin da ya mallaka satifiket ne da hatimin roba. Wannan adadi ya fi jarin masu POS da yawa a kasuwar Samaru.

Akwai wani saƙo a cikin sabuwar dokar da ya shafi Samaru fiye da yawancin garuruwa. An ce kamfanin da ke ayyukan ƙwararru ba ya shiga sahun ƙananan kamfanonin da aka yafe wa haraji, komai ƙanƙantar cinikinsa. Garin da ke yaye injiniyoyi da masu zanen gini da masu safiyo da masana aikin gona kowace shekara, garin da kusan kowane sashe na jami'a ke da malamin da ya buɗe ɗan kamfanin ba da shawara, ya kamata ya karanta wannan layi da kyau. Matashiyar da ta karanta zanen gini ta buɗe ofis mai ɗaki ɗaya ba ta fi mai sayar da siminti samu ba, amma doka ta ajiye ta a layin manya. Ban ga adalci a nan ba.

Wannan duk na tarayya ne. Jihar Kaduna na da nata ta hannun KADIRS: harajin albashin ma'aikata, har da na daraktan kansa, da kuɗin wurin kasuwanci. Mai burodi ko ruwan leda na da NAFDAC. Mai harkar iri, kuma Zariya cibiyar iri ce saboda ire-iren SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da IAR ke fitarwa, sai ya bi ta hukumar kula da iri ta ƙasa. Dillalan motoci da na filaye da masu gine-gine, banki ba ya sakar musu asusu sai da takardar SCUML. Wanda kuma ya buɗe kamfanin don kwangilar tarayya, to ya ɗauki jarida ya karanta kowace tallar neman 'yan kwangila: shaidar biyan haraji ta shekara uku, lissafin kuɗi na shekara uku da akanta mai lasisi ya bincika ya sa hannu, takardar hukumar fansho, ta ITF, ta NSITF, da rajistar hukumar BPP. Yawancinsu shekara guda suke yi su mutu, a sake nema. Dokar kamfanoni ta ce ƙaramin kamfani ba dole ya ɗauki mai binciken kuɗi ba, amma tallar kwangila ta dawo da shi ta taga. Shi ya sa ake hayar takardun kamfanin wani, a ba shi kasonsa, wanda ya yi aikin da gumi kuma ba ya tara tarihin da zai nuna gobe.

Akwai kuma farashin da ba a biya da naira, wanda a ganina shi ya fi yi mana wuya. Kuɗin kamfani ba kuɗinka ba ne. Ba za ka zura hannu cikin asusunsa ka yi cefane, ka biya kuɗin makaranta, ka ba surukarka gudummawar biki, ba tare da an rubuta cewa albashi ne ko rance ko rabon riba ba. Ɗan kasuwarmu ya saba aljihu ɗaya ne, lissafi kuma a ka yake. Wanda ba zai iya raba aljihun nan biyu ba, ya riƙe rasit, ya rubuta shiga da fita, to ya sayi wahalar kamfani bai sami amfaninsa ba. Ranar rabon gado ma ba za a san ina dukiyar kamfani ta tsaya ta mamaci ta fara ba.

Ita kariyar daga bashi fa, wadda ake kwaɗaita wa mutane? Tana nan a doka, amma a kasuwa ta yi ƙaranci. Bankin da zai ba ƙaramin kamfani rance sai ya sa daraktan ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya, sau da yawa har da takardar gidansa. Wanda ya karɓi kuɗin somin kwangila ko rancen wani aiki ya karkatar da su da niyyar zamba, dokar kamfanoni ta ce shi za a bi, ba zai laɓe bayan kamfani ba. A cikin kasuwar Sabon Gari kuwa, ba kamfani ake ba kaya bashi ba, fuska ake ba. Wanda ya sauke maka buhu ɗari na taki ya ce ka kawo kuɗi bayan kaka, sunanka da na mahaifinka ya duba. Mu mutane ne da ake tsayawa a gaban gawa a yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce babu laifi a kafa kamfanin da alhakinsa ya tsaya a kan jarinsa, kuma hujjarta ita ce masu hulɗa da shi sun san haka, don haka ba a yaudare su ba. Wannan sharaɗi na sani shi ne zuciyar maganar. Dalilinsa ne doka ta wajabta kalmar Limited a kan allo da takardun kamfani. In ka karɓi kayan mutum da sunanka da mutuncinka, kasuwa ta faɗi, sannan ka ɗauko satifiket ka ce ai kamfani ne ya ci, ko kotu ta sake ka, ka ci amana.

To wa ya kamata ya buɗe? Mutum biyu ko uku da suka haɗa jari, don a rubuta kason kowa tun ana ga maciji. Mai harkar da ta kai ta ɗauki ma'aikata, ta karɓi kuɗin mutane, ta shiga yarjejeniya mai nauyi, kamar mai sarrafa iri ko mai makaranta ko mai gidan kaji babba. Dattijon da ke son harkarsa ta wuce shi. Waɗannan su buɗe, su sa kuɗin akanta cikin kasafin shekara kamar yadda suke sa kuɗin haya. Tela da mai POS da mai gyaran waya da mai sayar da turare ta Instagram, rajistar sunan kasuwanci ta ishe su buɗe asusun banki da sunan sana'a. Ita ma tana da rahoton shekara, amma nauyinta bai kai ba, harajinta kuma na mutum ne da ake biya wa jiha. Manoman Bomo ko na Shika da ke son sayen taki tare, ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da su. In harka ta girma, ƙofar mayar da ita kamfani a buɗe take.

Abin da nake nema daga hukuma ba mai tsada ba ne. Kafin mutum ya danna biya, a nuna masa shafi ɗaya, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, mai ɗauke da abin da ke kansa kowace shekara da ranakunsa da tarar saɓa su. Ejan da ke karɓar kuɗin mutane a wajabta masa miƙa wannan shafi. Darasin koyon sana'a da ake yi wa kowane ɗalibin jami'a ya daina tsayawa a kan yadda ake rajista, ya koyar da abin da ke biyo baya. Ɗaliban shari'a na harabar jami'a da ke Kongo da ɗaliban akanta za su iya zama da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Sabon Gari da Samaru sau ɗaya a shekara, ƙarƙashin kulawar malamansu, su duba wa mutane matsayin rajistarsu. Hukumomin da ke kewaye da mu kuma su daina neman tarin takardun babban ɗan kwangila a kan aikin kawo kujera ashirin. Tunda lambar rajista da ta haraji a haɗe suke fitowa, ban ga abin da zai hana kamfanin da bai yi ciniki ba ya cike fom ɗaya, hukumomin biyu su karɓa.

Mafi gaggawa shi ne hanyar fita. A Ingila, kamfanin da ya yi wata uku bai yi ciniki ba, daraktocinsa na cike ɗan gajeren fom su biya kuɗi kaɗan, a buga sanarwa, in wata biyu ya wuce ba wanda ya yi ƙorafi a soke shi. A nan ma doka ta ba da damar neman a soke kamfani, amma sai ka fara biyan duk rahotannin da ka tsallake da tararsu, ka daidaita da masu haraji, ka biya kuɗin sokewar, galibi ka ɗauki lauya. Wanda ya kasa biyan kuɗin rahoton shekara ɗaya, ina zai samo na shekara shida haɗe da tara? Sai ya watsar da kamfanin ya yi shiru, tara na ci gaba da hawa, sunansa da NIN ɗinsa na manne da shi. In hukumar ta soke shi da kanta bayan shekara goma, alhakin da ke kan daraktoci bai faɗi ba. Ya kamata CAC da hukumar haraji su buɗe wa'adi, ko na wata shida ne, wanda duk kamfanin da bai taɓa ciniki ba, ba ya da ma'aikaci, ba a bin sa bashi, zai rantse a kan haka, ya biya kuɗi ƙayyadadde guda ɗaya, a rufe shi a yafe tarar. Banki na iya tabbatar da cewa asusun bai motsa ba, ko ma ba a taɓa buɗe shi ba. Gwamnati ba za ta yi asarar komai ba, domin kuɗin da take lissafawa a kan waɗannan kamfanoni ba za su taɓa shiga baitulmali ba, rajistarta kuma za ta koma nuna kamfanonin da ke raye da gaske.